Abincin Kwalba

Umma ta zo Manchester ne don ta yi min wankan jego, da bizar wata shida. A farkon shekarun dubu biyu ne, muna zaune a Whalley Range, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai faɗi da aka yanyanka shi aka fitar da flat shida. Maigidana injiniya ne, aikinsa na Birmingham, in ya fita ranar Litinin sai Juma'a. Ni kuwa ga jaririya, ga karatun digiri na biyu da na jingine. A cikin wata shidan nan Umma ta yi ƙawa guda ɗaya tak a duk faɗin Ingila, ni kuma da bakina na raba su. Shekaru sun ja, amma abin ya ƙi barina.

Wankan jegon kansa bai yi wani armashi ba. Umma ta taho da busasshen ganyen darbejiya a ƙasan akwati, an naɗe shi cikin zannuwa kamar kayan sata, amma ina za a hura wuta a hawa na biyu? Da butar lantarki ake tafasa ruwan a juye a bokiti, kafin a tafasa ta biyar ta farko ta huce. Ranar da ta sa turaren wuta ƙararrawar gobara ta ɗauka, duk mutanen gidan suka fito titi, har da wani Bature da tawul a ƙugu. Umma ta leƙa ta taga ta ce, "Yanzu duk wannan taron na ɗan hayaƙin nan ne? Ai kuwa da a Kano suke, da a waje za su riƙa kwana."

Tana da ciwon zuciya, shekara uku kenan tana shan ƙwayar da ke tsinka jini don kada ya daskare. Ƙwaya ce mai wuyar sha'ani: in ta yi kaɗan jini ya yi gudaji, in ta yi yawa ya ƙi tsayawa. Don haka da zuwanta na yi mata rajista wurin GP ɗinmu, wato likitan unguwa, aka haɗa ta da wata nas mai gwajin jini. Duk sati biyu mu je, a soki ɗan yatsa, a rubuta lamba a wani ɗan littafi ruwan ɗorawa. Ni ce tafinta. Nas ta ce, "Any other medicines?" ni kuma in juya in ce, "Umma, kina shan wani magani ban da wannan?" Ta ce a'a, mu tashi.

Ban taɓa ganin mai tsoron magani kamar Umma ba. A Kano lokacin ana ta yaƙi da jabun magunguna, kullum rediyo na cewa a duba lambar hukuma a jikin kwali, ita kuwa ta riƙe maganar gam. Ko maganin ciwon kai aka sayo mata sai ta sa tabarau ta juya kwalin ta nemi lamba, duk da bokon nata bai wuce ta gane lambobi ba. In babu, mai kemis ya shiga uku.

Abin da ya fi ciwon damunta a Manchester shi ne shiru. A Yakasai ƙofar gidanta ba ta rufuwa, kafin hantsi mutum goma sun shigo sun fita. A nan kuwa in ta haɗu da maƙwabta a matakala ta tsaya ta shirya gaisuwa, su ce "hiya" su wuce, a bar ta da ragowar gaisuwa a baki. Wata rana na same ta tana yi wa jaririya hirar unguwa, wane ya aurar da ’ya, wance ta tafi Makka, tana ɗan dakatawa ko za a amsa. Na ji tausayinta ƙwarai, amma ni ma a gajiye nake, hirata ba ta wuce ta nono da barci.

Rannan kanwarmu ta ƙare, ga kunun kanwa dole ne ga mai jego, sai muka hau bas zuwa wani kantin ’yan Afirka a Moss Side. Umma ta tsaya gaban kwandon kuɓewa tana latsawa, ta ce da ƙarfi, da yake ta saba ba mai jin ta, "Wannan kuɓewar ai tun a jirgi ta tsufa."

Daga bayanmu aka ce, "Wallahi gaskiyanka, Hajiya. Ranar Laraba ne sabo yake zuwa."

Umma ta waiga kamar an kira ta da sunan yanka. Wata mata ce gajera, kakkaura, da babbar rigar sanyi ta maza a kan atamfa. Suka riƙe hannun juna, gaisuwar da Umma ta tara ta wata guda duk ta juye mata ita a nan gaban kuɓewa, mutane na raɓawa suna wucewa.

’Yar Kumasi ce, haihuwar zango, unguwar Hausawan can, kakanninta fataucin goro ya kai su can suka zauna. Ta fi shekara ashirin a Moss Side tana aikin shara da goge-goge a gidan kula da tsofaffi, ta shiga da sassafe ta fito kafin azahar. Mijinta ya rasu, ’yarta ɗaya tana aure a Birmingham. Hajiya muke ce mata, ita ma Hajiya take ce wa Umma. Hausarta irin ta Gana ce, babu mace a cikinta, kowa "shi" ne. Ta dubi jaririyata ta ce, "Kai, yarinyan nan ya yi kyau." Umma ba ta taɓa gajiya da tsokanarta ba.

"Hajiya, ni fa mace ce, ’ya’ya bakwai na haifa."

"To, na ce ba ka haifa ba ne?"

Cikin sati biyu Umma ta koyi hawa bas ita kaɗai, matar da ko shara ba ta yarda ta sauka ta zubar ba sai da ni. Ta haddace lambar bas, ta haddace "Moss Side, please", kuɗin motar a ƙulle a bakin mayafi. Bayan azahar ta fita, kafin magariba ta dawo da ƙullin ƙosai ko shinkafa da wake irin tasu mai ja, da labarai fal. Sau biyu na bi ta. Ɗakin Hajiya ƙarami ne, kujeru sanye da leda, hitar gas na huci, tukunyar koko a kan wuta. Su miƙe ƙafa suna gardamar ko tuwon zafi na mutanen Gana ya kai tuwon shinkafa. A ɗakin nan na ji Umma ta yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin rasuwar Baba, irin wadda take ƙarewa da tari da share hawaye. Ina kewar ɗakin nan, har warin gas ɗin nake kewa.

A bayan ƙofar akwai kanta, an jera fararen kwalabe masu hoton ganye. Hajiya na saro su a Birmingham duk wata tana sayar wa matan unguwa, na ciwon gwiwa, na gajiya, na mantuwa. Ita ma tana sha safe da yamma, ta yarda da su har zuciyarta. Da sanyi ya shigo Umma ta fara kukan gwiwa da kasala, sai Hajiya ta ɗauko kwalba ɗaya ta sa mata a jaka, ta ce kyauta ce.

Nan ne wurin da nake yawan tsallakewa in ina ba da labarin. Umma ba ta buɗe kwalbar ba. A rufe ta kawo min ita, ina zaune ina shayarwa, ta ce, "Karanta min wannan. Likita ya ce kada in haɗa ƙwayata da wani magani. Magani ne?"

Na karɓa da hannu ɗaya na juya. An rubuta ɓaro-ɓaro: food supplement. Daga ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce wannan ba magani ba ne.

Na ce, "Ba magani ba ne, Umma. Abinci ne, ƙarin abinci. Ga shi su da kansu sun rubuta."

"Ina lambar hukuma?"

Na yi dariya. Na ce, "Haba Umma, nan fa Ingila ce, ba tallar bakin tasha ba. Ba a sayar da abin da gwamnati ba ta duba ba."

Ta karɓi kwalbarta ta ce, "To, madalla. Ƙasar da abinci ma a kwalba yake." Daga ranar ta raɗa masa suna abincin kwalba, ta ajiye shi a kicin kusa da gwangwanin sukari, don a ganinta nan ne wurin abinci. Ƙwayarta ta asibiti kuwa tana ɗaki cikin jakar hannu, tare da ɗan littafin.

Wata Asabar maigidan bai samu dawowa ba, Hajiya kuma za ta je sari, sai muka ce bari mu bi ta mu duka. Muka hau coach, doguwar motar safa, da safe, su biyu a kujera ɗaya suna raba goro, ni da jaririya a bayansu. Tun daga Manchester har muka isa bakinsu bai rufu ba.

Wurin sarin ya ba ni mamaki, don na zaci wani lungu ne. Katafaren kanti ne, fes, ga haske, kantoci har rufi, ma'aikata da fararen riguna. In da sauran shakka a raina, a nan ta tafi. A kan teburin biyan kuɗi akwai takarda da biro ɗaure da zare. Mai kantin, wani Bature mai fara'a, ya yi mana bayani cewa ana shirin tsaurara doka a kan kayan nan, wasu ma a hana sayar da su. Su kuma suna tara sa hannu don roƙon gwamnati ta sassauta, ta bar kowa ya zaɓi abin da yake so ya sha. Hajiya ta sa hannu, ta ce duk zuwa sai ta sa. Ni ma na sa, ko layi ɗaya ban karanta ba, yarinya na kuka a kafaɗata.

Umma ta ce, "Takardar mece ce?"

Na ce, "Roƙo ne, gwamnati ta bar su su yi sana'arsu."

"A'a, ai hana mutum sana'a ba kyau." Ta karɓi biron ta rubuta sunanta da ajami, daga dama zuwa hagu, a hankali. Baturen ya yi ta kallo yana cewa lovely. Rabon da a nemi sa hannun Umma tun ranar da aka yi mata fasfo, sai ga ta tana fita daga kantin tana taku ɗai-ɗai.

Maigidan ya zo ya same mu, muka ci abinci a wani shagon ’yan Pakistan. Su biyun suka shige kantin yadi suka fito da leshi iri ɗaya, wai ankon sunan ɗana na biyu, alhali ta farin ko zama ba ta fara ba. A hanyar dawowa, rana na faɗuwa, barci ya kwashe su, kan Umma a kafaɗar Hajiya. Ban san ranar da ta fi min wannan daɗi a ƙasar nan ba. A jakar da ke ƙarƙashin kujerarsu akwai kwalabe uku na Umma.

Alamun sun zo a hankali. Aswakinta ya fara fitowa da ja, ta ce sanyin ƙasar ne. Wani tabo baƙi-baƙi ya fito mata a damtse, ta ce ƙila ƙofar bas ce. A wurin gwaji lambar ta haura, alamar jinin ya tsinke da yawa, nas ta ɓata fuska ta rage ƙwaya. Bayan sati ta sake haurawa. Nas ta ajiye biro ta dube mu.

"Is she taking any other medicines? Anything at all?"

"Umma, kina shan wani magani ban da wannan?"

"A'a."

Sai nas ta tambayi abinci, ko an canza wani abu, musamman ganye. Na tuna da kuka da zogalen da Umma ta taho da su, na dawo gida na kafa doka: ba miyar kuka, ba kwaɗon zogale. Wata guda na hana tsohuwa miyar da ta fi so a duniya, ina ji da kaina wai ina kula da lafiyar uwata. Kwalba kuwa tana nan kusa da sukari, ni nake ɗaga ta in goge ƙarƙashinta.

Wata Talata da hantsi haɓo ya ɓalle wa Umma tana ninke kayan jaririya. Muka danne hanci, muka sa ƙanƙara, tawul na farko ya jiƙe, na biyu ya jiƙe. Ta ce min tana ganin duhu-duhu, ta zame ta jingina da gado tana salati ƙasa-ƙasa. Ban san yadda na kira motar asibiti ba. Abin da na riƙe shi ne ana saukowa da ita a matakala tana roƙona in gyara mata ɗankwali. Da ƙyar aka tsayar da jinin, aka yi mata ƙari, aka ce ba hancin kaɗai ba ne, har cikinta yana tsiyaya. Likitoci uku suka yi tambayar nan, na fassara sau uku, ta ce a'a sau uku.

Kwana biyu da kwantar da ita wani abokin maigidana ya leƙo dubiya. Likita ne, Bazazzagi, a wani sashe na asibitin yake aiki. Ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi mutanen Kano, ya duba takardar da ke ƙafar gado. Sannan ya jawo kujera.

"Hajiya, ina so ki lissafa min. Daga kin tashi da asuba har ki kwanta, me da me kike haɗiya? Komai ƙanƙantarsa, ko da ba magani ba ne."

Umma ta fara ƙirgawa da yatsu. "Ƙwayata. Shayi. Goro in na samu. Sai abincin kwalba, biyu da safe biyu da yamma."

"Abincin me?"

Tun kafin ta amsa masa na gane. Na koma gida na ɗauko kwalbar. Ya karanta bayanta a tsaye a bakin ƙofa, ya ɗora yatsa a kan sunan wani ganye.

"Wannan shi ma tsinka jini yake. Kin ga an haɗa biyu kenan." Ya sassauta murya. "Ba ke kaɗai ba ce, it happens. Matsalar ita ce a doka wannan food ne, ba medicine ba. Ba a yi masa irin gwajin da ake yi wa magani, mai sayarwa kuma ba dole ba ne ya tambayi me mutum ke sha. Da suka rubuta ba magani ba ne, ba da ke suke ba, da hukuma suke."

Ni ce auta, kuma ina da zuciya, duk gidanmu an sani. Na bar wa maigidan yarinya, da yake ya baro aiki ya dawo tun ranar da aka kwantar da Umma, daga asibitin ban zarce ko'ina ba sai Moss Side. Na buga ƙofar Hajiya da tafin hannu. Ta buɗe da kumfar sabulu a hannu, tana ganina ta ce, "Yaya jikin Hajiya? Na dama masa koko, yanzu nake shirin..." Ban bar ta ta ƙarasa ba. A bakin ƙofa, maƙwabta na leƙe, na zazzage mata abin da ke cikina da Hausa da Turanci. Na ce ta kusa kashe min uwa. Na ce mai goge-goge ta mai da kanta likita. Na ce in ta ƙara taka gidana ko ta bugo waya, wurin council, hukumar gari, zan kai ta su zo su kwashe gubar da take sayar wa mutane. Matar da ta isa haihuwata na gaya wa haka.

Ba ta rama ba. Ta dubi kwalbar da na jefar a gabanta ta ce, "’Yata, ni ma shi nake sha kullum. Wallahi ban sani ba."

Na san ba ta sani ba. Duk cikinmu ukun ni ce mai karatun, ni aka kawo wa kwalbar a rufe aka tambaya. Ihun da na yi a titin nan don kada in ji wannan ne. Na juya na nufi tashar bas.

Bayan kwana tara aka sallami Umma. Ta rame, ta yi fari, amma ta tashi. Tun a asibiti take duban ƙofa lokacin dubiya. Da muka dawo gida ta sha ruwa ta huta, sai ta ce, "Hajiya ba ta ji ba ne?"

"Ta ji. Ni na hana ta zuwa."

Ta dube ni. Na shirya jin faɗa, na ma so ta yi, na so ta ce ai ke kika karanta min. Ba ta ce ba, ba ta kuma taɓa cewa ba har ta bar duniya. "To," kawai ta ce, ta miƙo hannu in ba ta jikarta.

Saura sati bakwai bizarta ta ƙare. Ba ta ƙara hawa bas ba, don Umma ba mai tsallake maganar masu gida ba ce, ko da ’yarta ce mai gidan. Ta koma hira da jaririya. Lambar jininta ta daidaita tsaf, nas na ta murna. Na dawo mata da miyar kuka, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Sau da yawa bayan azahar, lokacin da ta saba fita, sai in ga ta yafa mayafi ta zauna a bakin gado, can kuma ta cire ta ninke. Ina gani, amma girman kai ya hana ni in ce tashi mu je.

A filin jirgi, an gama auna kaya, ta rungumi jikarta ta daɗe, sannan ta kama hannuna.

"Ki je ki gaishe min da Hajiya. Ki ce ta yafe min, na tafi ban yi mata sallama ba."

Na ce, "To, Umma."

Ban je ba. Na koma jami'a, yarinya ta fara rarrafe, muka tashi muka koma Withington, kullum da dalilina. Gaskiyar ita ce kunya, ban san da wane ido zan tsaya a ƙofar nan ba. In mun yi waya Umma ta ce, "Kin isar da saƙona?" in ce, "Wannan satin in sha Allahu." Ta tambaya sau biyu ko uku, daga nan ta daina. Lambar wayar Hajiya na rubuce a bangon wani littafina, Umma ba ta da ita, ba ta kuma roƙe ni ba. A shekarun nan an yi ta gardamar kwalaben a rediyo, masu cewa a matsa da masu cewa a saki. In na ji wani na cewa a bar mutane su zaɓa, sai in tuna Umma ma ta zaɓa, har tambaya ta yi kafin ta zaɓa, amsar ce aka rubuta yadda ’yarta mai digiri ta kasa ganewa. Sai in kashe rediyon.

Shekara biyu da rabi da komawarta Allah ya yi mata rasuwa a Kano. Zuciyar ce, ba ruwan kwalba. Na je zaman makoki na dawo, na yi wata huɗu saƙon nan na sukana kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ranar da na je Moss Side wasu ne suka buɗe ƙofar. A kantin ’yan Afirka aka ce min gwiwa ta kayar da Hajiya, ta bar aiki ta koma wurin ’yarta a Birmingham. Wata mata ta rubuta min adireshin.

Na hau jirgin ƙasa ni kaɗai. ’Yar ce ta buɗe min, da Turancinta na ’yan nan, ta kai ni falo. Hajiya na zaune, ƙafa a kan matashi, sanda a gefe. Ta tsufa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, maganganun da na shirya a hanya duk suka gudu. Ta ƙura min ido, sai fuskarta ta washe.

"’Yar Hajiya! Lale, lale. Tashi, zo nan. Ina yarinyan? Ya girma ko?"

Ba ta tayar da abin da ya wuce ba. Ta sa aka kawo min ruwa da lemo, tana riƙe da hannuna. Na ce, "Hajiya, saƙo na kawo miki. Umma ta ce in gaishe ki."

"Allahu akbar! Ina amsawa, ina amsawa." Ta ƙwala wa ’yarta kira. "Kawo min jakana, akwai katin waya sabo a ciki." Ta zaro katin ta fara kankare bayansa da farce cikin ɗoki. "Faɗa min lamban. Yanzu la'asar bai yi ba a Kano, yana gida. Kullum ina cewa da ina da lambansa..."

Na ce, "Da sauran saƙon. Ta ce ki yafe mata."

Hannun ya tsaya. Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san lokacin da ake bi gida-gida ana nema wa mutum yafiya. Ta ɗago ta dubi idona sosai.

"Yaushe?"

"Wata huɗu kenan."

Ta yi ta maimaita innalillahi, hawaye na bin kuncinta. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ba ma abin da aka yi mata. Ta yi wa Umma doguwar addu'a ina cewa amin. Sannan ta ce, "Da yana ciwo ne ya ba ka saƙon?"

Da na ce eh, da ta yarda. Na ce, "A'a, Hajiya. A filin jirgi ta ba ni, ranar da za ta koma. Kusan shekara uku kenan."

Ta dubi katin da ke cinyarta, an kankare rabin lambobin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara uku," ta ce. "Ai da mun yi hira da yawa."